Yadda Na Zama Sarkin Taki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Nura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka Rabi, da surukinka Alhaji Sale da duk mutanen gidansa. Mu nan Jibiya lafiya lau, sai godiyar Allah. Ina roƙon Allah ya tsare ku a wannan sabon zama, ya kiyaye muku hanyar nan ta Maraɗi da ka san halinta, ya sa ka shiga garin mutane da ƙafar dama. Innarka tana gaishe ku. Ta ce lallai in rubuta cewa ba ta yi kuka ba ranar da motar kayanku ta wuce Magama. To, na rubuta tunda ta sa ni, amma ni ina wurin.

Za ka ce me ya hana Baba kiran waya. Ai mun yi waya shekaranjiya, kai ne ba ka bar ni na sa baki ba. Ka ce Alhaji Sale ya ba ka lambu a bakin gulbi, garka kamar yadda suke faɗi can, ka ce ƙasar ta fi tamu laushi, ka ce tumatir za ka fara dasawa. Wallahi daɗi ya kama ni har na fita ƙofar gida ba hula ina neman wanda zan faɗa wa. Ruwan da ke wucewa ta ƙasan lambuna shi ne zai gangara ya iske naka, kai da ni muna shan gulbi ɗaya ko da iyaka ta raba mu. Amma da ka ƙara da cewa Alhaji zai aiko maka da taki daga turken shanunsa, amalanke nawa kake so, kyauta, sai na buɗe ido, na ce akwai magana. Kafin in buɗe baki layin ya yanke. Da na zauna na yi tunani sai na ga gara da ya yanke, don maganar ba ta tsaye ba ce.

Ka taso kana jin ana kirana Sarkin Taki. Har ka taɓa gaya wa abokanka na makarantar kwana cewa ubanka mai sarauta ne, labarin ya dawo mana, innarka ta yi dariya har ta ƙware da koko. Ba mu gyara maka ba, don ba uban da ke son rage wa kansa tsawo a idon ɗansa. Yau da kake shirin sa fartanya a ƙasarka ta kanka, ya kamata ka ji yadda aka yi naɗin.

Shekarar da ka tafi makarantar nan ta Katsina ce. Na samu fangaloli a lambunan ƙasan dam, jeri ɗaya da Ɗan Ladi mai attaruhu, wanda ka sani. Kakanka Alhaji Barau, mahaifin innarka, Allah ya jiƙansa, yana kiwon bajimai a Farfaru, irin waɗanda ake ɗaurewa a turke a yi ta yi musu hidima har su yi ƙiba a kai su kara, kasuwar shanu. Da ya ji ina shirin dashe sai ya aiko in je.

Na je, na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa na gaishe shi, idona a ƙasa. Ya nuna bayan danga da sandarsa ya ce, "Isuhu, ga taki can ya shekara shina tare. Kwashe shi duka, ka rage mani aiki."

Nura, ban taɓa ganin taki irin wannan ba. Ya ruɓe ya yi baƙi, ya yi laushi, ba wari ba ɗoyi, in ka damƙa sai ya watse a hannu. Ina cikin loda amalanke idona ya kai kan tarin ciyawar da ake ba bajiman. Kyasuwa ce da harkiya zalla. Babu tafasa, babu rai-ɗore, babu ko ɗan ganye mai faɗi guda a ciki. Ni da na yi yankan ciyawa tun ina yaro na san daji ba ya fitar da ciyawa haka, kullum a cakuɗe take. Tambaya ta zo mini har bakin harshe, in ce Baba daga wace gona ake kawo wannan, me ake zuba mata. Sai na haɗiye. Wa ya isa suruki ya yi masa kyauta ya tsaya yana tambayar asalinta? Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kai, Baba, ciyawar ga kamar an tsince ta." Ya ji daɗi, ya ce daga wata babbar gona ake kawo masa a mota, ta fi ta kowa tsabta.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran. Taki ba wani abu ba ne illa abin da dabba ta ci jiya. In ba ka san abin da ta ci ba, ba ka san abin da kake zuba wa shukarka ba. Ka tambaya, ɗana. Akwai hanyar tambaya da ba ta zubar da girman kowa. Ka yabi shanun, ka yabi ƙibarsu, ka ce Alhaji ina ake samo musu abinci mai kyau haka. Mai kiwo ba abin da ya fi so kamar a tambaye shi abincin dabbarsa, zai ba ka labari har ka gaji. In ya ce harawa ce da dusa da karan gonarsa, kuma ya san abin da ya fesa wa gonar, madalla. In ya ce ciyawar saye ce, ka dubi ciyawar da idonka.

Takin da na kwaso ya fi ƙarfin fangalolina. Mai hankali da ya tara ragowar a gefe ya rufe da kara. Ni kuwa sai na tsaya a kan kunyar jerinmu ina ƙwala wa mutane kira kamar mai rabon naman suna. Ɗan Ladi ya zo ya damƙa ya shinshina, ya ce, "Malam Isuhu, wanga taki ina kas samo shi?"

Na ce, "Na gidan surukaina ne. Ba irin naku na bola ba, mai leda da ƙusa. Kawo kwando."

Ya kawo kwando, na kusa da shi ya kawo buhu, kafin azahar jerinmu kaf ya sha takin Farfaru. Ana ta sa mini albarka ina ta cewa ba komai, a raina kuwa ina jin kamar ni na gina dam ɗin. In gaya maka gaskiya ba don Allah na yi rabon nan ba, so nake a san na auri 'yar gidan masu shanu. Kyauta abu ce mai kyau, kada ka ji labarin nan ka zama marowaci. Amma abin da ba ka gwada a gonarka ba, kada ka zuba shi a ta wani. Kai in ka yi hasara ka san da wanda za ka yi faɗa, shi kuwa maƙwabci amana ce ya ba ka da ya miƙo kwandonsa.

Muka yi dashe. Da fari abin gwanin sha'awa, shuka ta kama ta yi kore shar. Sai sabon ganye ya fara fitowa, a nan muka ga abin da ba mu taɓa gani ba. Ganyen bai buɗe ba, ya dunƙule kamar hannun jariri. Kan shukar ya murɗe, reshe ya sirance, fure ya fito ya zube. 'Yan ƙwayoyin da suka daure suka fito kuwa, wani dogo, wani karkatacce, ba wanda dillali zai kalla sau biyu. Attaruhun Ɗan Ladi ma haka, har da waken da wani ya jefa a bakin fangalinsa.

A nan ne ubanka ya nuna gwanintarsa. Ran kasuwa na tafi rumfar mai sayar da iri na tara masa jama'a, na ce ya cuce mu da mataccen iri. Bawan Allah ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malam, irin ga shi na saida ma mutanen Riko, nasu shina can shina hure. Je ka gani in kana so." Ban je ba, don ba na son in gani. Na dawo na ce ƙwari ne, na sayi magani na goya famfo na yi ta feshi har kafaɗata ta yi tsami. Bai hana ba. Na ce to baki ne, mutane sun yabi lambun ba su ce tubarkalla ba, na kafa sanda na kifa mata baƙar tukunya a tsakiyar fangali. Tukunya ta yi ta gadi, ganye ya yi ta nannaɗewa. Ƙarshe na zauna na yi dogon nazari irin na manya, na yanke hukunci cewa yunwa ce ke damun shukar. Na ɗebo ragowar takin nan na ƙara mata. Garin neman ƙiba aka samo rama, cikin 'yan kwanaki waɗanda ke da sauran numfashi su ma suka bi sahu.

Ka san abin da ya fi rufe mini ido? Masara. Na shuka 'yar masara a gefen fangaloli don ta kare iska, ita kuwa ta sha takin nan ta yi tsawo ta wuce kaina, ganyenta har ƙyalli yake. Duk wanda ya ce anya ba takin ba ne, sai in ja hannunsa in kai shi gabanta in ce, "Dubi nan. Taki maras kyau ne zai yi wannan?" Ruwa ba ya tsami banza, ɗana. In shuka ta canja, ka fara tambayar kanka wane sabon abu ne ya shigo lambun bana wanda bai shigo bara ba. Ni na zargi iri, na zargi ƙwari, na zargi idon mutane, na tsallake abu ɗaya tak da yake sabo, don kawai na gidan surukai ne kuma na riga na yi alfahari da shi.

Innarka ce ta kamo zaren, ita ma ba da niyya ba. Ka san tsofaffin bahon nan nata da suka huje, waɗanda take shuka yakuwa da 'yan kayan miya a bayan ɗaki. Ta jefa wake a guda biyu. Ɗaya ta zuba masa takin da na kawo, da ya ƙare mata sai ta sharo na awakinta ta zuba wa ɗayan. Wata safiya ina ɗaura tiyo a babur ta ce, "Malam, zo ka ga ikon Allah."

Na je. Baho ɗaya wake ya baje ganye yana neman abin da zai hau, ɗayan kuwa ya dunƙule sak irin na lambu. Ta ce, "Wake guda, ruwa guda, hannu guda. Wanga takin awakina ne. Wanga ko..." Na turken ubanta ne. Muka tsaya muna kallon baho kamar an aiko mana da mugun labari. Can sai ta dube ni ta ce, "Ashe tukunyata ta miya da ka ɗauka, gadin banza take yi." Dariya ta ƙwace mana mu duka, irin wadda ake yi hawaye na zuba, ba ka san ko ta daɗi ce ko ta baƙin ciki ba.

Na ɗauki bahon biyu na kai wa malamin gona. Ya duba, ya tambaye ni me shanun suke ci, na ba shi labarin ciyawar da aka tsince. Ya ce akwai wani irin maganin feshi da ake zuba wa gona don ya kashe duk mai faɗin ganye ya bar ciyawa. Ciyawar takan sha shi ba ta mutu ba. Sa ya ci ciyawar bai yi ko tari ba, maganin ya bi ta cikinsa ya fito a kashi da fitsari da sauran ƙarfinsa. Ya ce ba kowane maganin feshi ke haka ba, da yawa sukan mutu tun a gona, amma wannan irin yakan daɗe, musamman in takin na tare wuri ɗaya. Ɗan kaɗan ya isa ya murɗe tumatir da wake da attaruhu. Masara da dawa da gero kuwa dangin ciyawa ne, ko a jikinsu. Na tuna yadda nake jan mutane gaban masarata, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na koma na faɗa wa mutanen jerinmu gaskiya. Wasu suka yi faɗa, faɗan bai dame ni ba, na ci a yi mini. Ɗan Ladi ne bai ce komai ba. Ya dubi attaruhunsa, wanda da shi yake ciyar da gidansa har damina, ya ɗauki fartanyarsa ya juya. Mutumin da kullum shi ke fara tsokanata tun kafin in kafe babur ya koma sai sallama da amsawa. Wannan shirun ya fi zagi ciwo, na yi kwanaki abinci ba ya mini daɗi.

Saura mutum ɗaya da bai sani ba, mai takin. Na ce wa innarka ta je ta faɗa masa, ai mahaifinta ne. Ta ce, "Kai anka ba, kai za ka hwaɗi." Na ce gobe. Gobe ta zo na ce jibi. Yaya zan durƙusa gaban dattijon da ya ba ni 'yarsa in ce kyautarsa ta kashe lambun unguwa? Ina cikin wannan jan ƙafa, ranar wata Juma'a da hantsi muka ji sallama. Na leƙa, sai ga Alhaji Barau da babbar rigarsa, bayansa amalanke shaƙe da taki.

Ya zauna a tabarma a zaure, na durƙusa. Ya ce, "Na ji labari lambunka ya ƙi. Na ce ƙila takin ne bai isa ba. Ga ƙari nan."

Ka san abin da ubanka ya ce? Na ce, "Na gode, Baba, Allah shi ƙara girma." Wallahi haka na ce.

Innarka tana jin mu daga tsakar gida. Sai ga ta da baho ɗaya a kai, ta dire a gabansa, ta koma ta kawo ɗayan. Ta durƙusa ta ce, "Baba, wanga na awakina ne, wanga naka." Sannan ta faɗi abin da malamin gona ya ce.

Tsohon ya daɗe yana duban waken. Ya sa yatsa ya taɓa dunƙulallen ganyen. Sannan ya ce, "Tun yaushe kunka sani?"

Na ce, "An kwana biyu, Baba."

Ya ce, "An kwana biyu! Ni ko jiya-jiyan ga na ba liman amalanke guda ya zuba ma kuɓewarshi. Isuhu, kunyar mi? Ni na ci ciyawar? Sa ne yac ci, shi ko ba surukinka ba ne."

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci da ni irin na ranar ba, kuma ba don an ce takinsa ya yi ɓarna ba ne, don an bar shi yana ta rabon ɓarnar da hannunsa yana zaton alheri yake yi. Ka riƙe wannan da kyau, don a nan ne na fi jin tsoro a kanka. Na san ka, kunyarka ta fi tawa, gaban Alhaji Sale ko ruwa ba ka iya sha. Kunyar suruki ado ce, ban ce ka yar da ita ba. Ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, kada ka ci abinci a gabansa. Amma in ka ga abin da zai cutar da shi ko ya sa ya cutar da wani, ka faɗa masa a ranar, kana durƙushen. Dattijon kirki ya fi son ya ji daga bakinka yau da ya ji a bakin duniya gobe.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa har yau in na tuna shi sai na yi masa addu'a. Ya aika a gaya wa liman ya kwashe abin da zai kwasu. Bayan an sauko masallaci ya ce in wuce gaba. Da babbar rigarsa ya bi kunyoyin lambu, fangali fangali, yana ba mutane haƙuri, ni ina biye kamar ɗan akuyar da aka kama a rumbu. Ya sa aka kira malamin gona ya tambaye shi mafita. Malamin ya ce a tuge abin da ya lalace, a kafce ƙasar a juya ta, a riƙa ba ta ruwa, don a cikin ƙasa maganin ke mutuwa sannu a hankali, sannan a shuka abin da bai dame shi ba. Washegari tsohon ya aiko da irin masara daga rumbunsa, ya ce a raba wa duk wanda takinsa ya taɓa.

Jerinmu kaf ya koma masara. Allah da ikonsa ta yi kyau irin wanda ba a taɓa gani ba, ta kuma nuna a tsakiyar bazara lokacin da ba mai ɗanyar masara a ko'ina. Ka san yadda manyan motoci ke yin layi a bakin iyaka, direbobi da yaransu suna zaune a inuwar taya suna jiran takarda. Muka kai musu ita gasasshiya. Na Nijeriya na saye, na Nijar na saye, har ma'aikatan da ke duba kaya suna aiko a zaɓar musu mai taushi. Ba zan ce ta mayar da hasarar tumatir da attaruhu duka ba, ƙarya haram. Amma ba gidan da ya rasa tuwo a jerinmu.

Ranar da muka karya ta ƙarshe muka hura wuta a bakin lambu muka gasa tamu ta ci. Ina zaune ina fifita garwashi sai na ji an dafa kaina ta baya. Ɗan Ladi ne, da wani tsohon buhun taki a hannu. Ya naɗa mini shi a ka, ya fitar da kunnuwa biyu kamar rawanin gaske, ya ja da baya ya ɗaga hannu ya ce, "Ran Sarkin Taki shi daɗe! Wanda ya ce a shuka tumatir a girbe masara!" Wurin ya kaure da shewa, wani ya kifa bokiti yana kiɗa. Ni kuwa na zauna da buhu a ka ina dariya hawaye na bin gemuna, don na san abokina ya dawo. Ka ji sarautar da ka je kana faɗa wa 'yan makaranta.

Za ka ce daga nan na yi hankali. Saura kaɗan. Tumatirin da muka tuge da ragowar takin, maimakon in kai su gonar gero kamar yadda aka ce, sai na ga hasara ce, na tura su ramin da nake tara shara da toka da ganye, na ce shekara guda za ta narkar da komai. Karan masarar kuma na kwaso wa awakin innarka, alhali malamin gona ya ja kunnenmu a kansa cewa shi ma ya sha maganin. Da kaka ta zagayo na buɗe ramin, taki ya yi baƙi ya yi kyau, kyan ɗan maciji. Allah ya taimake ni innarka ta tsaya a kaina ta ce ko cokali ba za a kai lambu ba sai wake ya yi magana. Muka shuka a gwangwani, ya fito a dunƙule. Na awakinta ma da aka gwada ya ɗan murɗe, ta yi mako tana ce mini na ɓata wa awakinta suna. Takin shekara guda cur ya tafi gonar gero, amma lambu ya tsira. Ramin taki ba wurin ɓoye laifi ba ne, abin da ka jefa masa shi zai ajiye maka. Tun daga ranar ba takin da ke shiga lambuna sai ya bi ta gwangwani, na saye ne ko na kyauta, na Bafulatanin da ya kwana a gonata ne ko na turken gidana.

Yanzu ga abin da nake so da kai. Direban da zai ba ka takardar nan zai sauke maka rabin buhu. Takina ne, na ramina. In 'yan duwan, kwastan ɗin can, sun kwance shi a Ɗan Isa suna neman abin arziki, su suka jiyo. A bakin buhun akwai ƙullin wake a ƙyallen innarka.

In takin Alhaji Sale ya iso, ka je ka durƙusa ka yi godiya yadda ya kamata. Ka sa a juye shi a gefe, inda ruwa ba zai wanko shi cikin fangali ba. Sannan ka nemi gwangwanaye uku ka huda gindinsu. Ɗaya ƙasar garkarka zalla, ɗaya ka cakuɗa da nawa, ɗaya da nasa. Ka jefa wake kaɗan-kaɗan a kowanne, ka raba su don kada ruwan wani ya shiga wani. Kada ganyen farko ya ruɗe ka, shi kullum lafiya yake fitowa, na bayansa ne ke faɗin gaskiya. Abin bai wuce mako uku ba, kuma ba ka yi hasarar lokaci ba, don kafin nan irin tumatirinka ma bai isa dashe ba.

Kada ka ɓoye gwangwanayen. Ka jera su inda Alhaji zai gani in ya zo zagaya, nawa a gaba. In ya tambaya, ka ce, "Alhaji, al'adar gidanmu ce. Wannan na mahaifina ne, shi na fara sa wa, ko nasa ba ya shiga lambu sai wake ya shaide shi." Ba mutumin da zai ji haushi an gwada takinsa bayan ya ga an gwada na uban mutum. Don wannan kaɗai na aiko da buhun, ba don Maraɗi ta rasa kashin shanu ba.

In duka suka tashi lafiya, kuma haka nake zato in sha Allahu, ka zuba takinsa hankali kwance, ka yi hasarar wake tafi guda. In nasa ya dunƙule, ka kai masa gwangwanin a ranar, ka ba shi labarin kakanka da bajimin da ba surukin kowa ba, zai yi dariya kuma zai gode maka. In kuwa nawa ne ya dunƙule, ka aiko mini da shi in kai wa Ɗan Ladi, ya kwana biyu bai samu abin tsokanata ba.

Ina alfahari da kai, Nura. Na faɗa a takarda don a baki ba zan iya ba. Allah ya sa albarka a ƙasarka da ruwanka da hannunka. Allah ya haɗa kanka da surukanka, ya ba ka maƙwabtan lambu irin nawa, masu fushi su huce. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya da na dare da na rana, ya kai mu lokacin da za ka aiko mana da kwandon farko. Innarka ta ce nata daban, kada a haɗa da nawa. Ka gaishe da Rabi, ka miƙa gaisuwata ga Alhaji Sale da girmamawa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isuhu, Sarkin Takin Jibiya.

Sarautar nan ba ta gado ba ce, ɗana. Ka shuka waken, ta ƙare a kaina.